Kunun Kawu Lazaroo

"Ɗauke kwanon nan," in ji Kawu Lazaroo. "Wanda bai miƙe ba, ba shi da rabo."

Swee Lan ta tsaya da kunun shinkafar a hannu. Kwana uku ke nan tsohon bai sa komai a baki ba, tun da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Tun tana yarinya katangarsu ɗaya a layin nan na garin Malaka, don haka ta san tushen zancen. Kafin yaƙi shi ne gwanin unguwar a kurket, wasan bugun ƙwallo da sanda. Da sojojin Japan suka kama shi, suka kai shi aikin titin jirgin ƙasa a dajin Siyam, fursunan da ya kasa tsayawa a layi da safe ba a zuba masa shinkafa. Tun daga nan sai ya miƙe tsaye yake karɓar abinci, ko da zazzaɓi yake.

"Haba Kawu, yaƙi ya ƙare tun ina goye."

"Ke dai akwai surutu. Wa ya ce miki ya ƙare?"

Taurin kai kam, ba a magana. Ta ajiye kwanon. A saman kabad ga sandar kurket ɗinsa, ga kariyar ƙwauri guda biyu, farinsu ya koma ruwan ƙasa. Ta tuna lokacin da yake jan ta kallon wasa. Ɗan wasan da ke jiran a kira shi bugu a benci yake zama, ƙwauri a ɗaure, yana kurɓar shayi.

Ta sauko da su ta kakkaɓe, ta jingina tsohon da matashi, ta ɗaura masa kariyar.

"Yau babu layi, wasa ake yi. Kai ne na gaba. Mai jira a zaune yake ci, ko ƙarya na yi?"

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Wa ke bugu yanzu?"

"Ponniah," ta ce. Abokinsa ne da ya binne a dajin, hotonsa na nan a bango.

"Ponniah? Tabɗi! Ai wannan ba ya daɗewa. Yi sauri ki ba ni. Miƙo sandar kuma."

Cokali huɗu ya sha. Ta zaga gidanta ta sauke tukunyarta daga wuta, da ta dawo ta tarar ya rasu. Sandar na kwance a cinyarsa, hannunsa a kan mariƙin, kunun bai gama hucewa ba.