Matsalar da Ta Fi Gaisuwa Gajarta

Ɗakin da Humaira Dikko take aiki ba shi da taga. Yana can ƙuryar ginin hukumar aikin gona, bayan ofishin masu buga takardu, kuma in ba mai shara ba, ba wanda yake tura ƙofarsa. Saboda na'urar sanyaya ɗaki, ko a tsakiyar bazara da rigar sanyi take wuni. Daga ita sai saba, babbar kwamfutar da duk ayyukan hukumar suke kwana a cikinta.

Da hannunta ta kafa sabar nan, a shekarar da ta dawo daga karatu, lokacin da wayar hannu ta fara yawa a Birnin Kebbi. Ta raba cikinta kamar gidan haya: ɗaki na ma'aikatan hedikwata, ɗaki na ajiyar kwafin bayanai, ɗaki na reshen Argungu inda ake yi wa manoman shinkafa rajista. Kowane ɗan haya yana zaton shi kaɗai ne a gidan, alhali daga tukunya ɗaya suke ci. A hukumar ba wanda ya fahimci wannan, ita kuma ta daina bayani. A gidan baffanta a unguwar Badariya, inda take zaune, Injiniya suke kiranta, suna yi suna murmushi.

Sai reshen Argungu ya fara ƙorafi. Ana cikin aiki allo zai sandare, abin da aka shigar ya ɓace, manomin da ya taso tun daga Gulma a sake tambayarsa sunansa daga farko. Humaira ta duba manhajar sa ido. Aikin manhajar shi ne ta leƙa kowane ɗaki duk bayan minti biyar, ta ɗauki matsakaicin abin da ya ci, ta zana shi a layi. Layin kuwa a miƙe yake lumui, kamar ruwan kogin Rima da rani.

Malam Munzali, shugaban sashen, ya kira ta. Bai ɗago kai daga takardunsa ba ya ce rajistar noman rani ta kusa. In ba ta gyara ba kafin nan, zai ɗauko ƙwararre daga Kaduna ya riƙe ɗakin, ita kuma a ba ta kujera cikin masu buga takardu.

"Ba za a ɗauko kowa ba, yallaɓai," ta ce, ta fita.

Da ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa, ta daɗe tana kallon layin da ba ya gaya mata komai.

Mai kawo ƙorafin ita ce Inna Adama, dattijuwar da take shigar da bayanai a Argungu. Ba su taɓa ganin juna ba. Amma duk sanda ta bugo, sai ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Badariya da ba ta san ko ɗayansu ba, ta tambayi sanyin ɗakin, ta yi wa Humaira faɗa kan rashin karin kumallo. Wani lokaci ana jiyo hayaniyar manoma a bayanta, da wani yana cigiyar takalminsa. A duk wunin Humaira, wannan ce kaɗai muryar da take tambayar lafiyarta, kuma ko da yake ba za ta faɗa wa kowa ba, takan ajiye wayar kusa da hannunta.

Rannan Inna Adama ta gama gaisuwa tsaf, ta ce abin nan nasu ya sake tsayawa, sannan ta yi dariya ta ce a'a, ga shi ya tashi. Sai Humaira ta lura da wani abu. Ta tuna jiya haka aka yi, shekaranjiya ma haka. Ba a taɓa kaiwa ga ƙorafin ba sai allon ya riga ya warware. Ashe matsalar ba ta kai tsawon gaisuwa ba. Abin da bai kai minti ɗaya ba kuwa, in aka dama shi cikin minti biyar, dole ya narke ya ɓace.

Ta buɗe manhajar ta rage tazarar leƙen zuwa daƙiƙa biyar. Ta san hatsarin: yawan leƙe ma ƙarfin saba yake ci, yana kuma cika ma'ajiya, ba za a bar shi haka ya daɗe ba. Nan take layin ya zama kamar haƙoran zarto, tsini ko'ina, ba ta san wanne ne mai laifi ba. Tana bukatar wanda zai nuna mata shi a daidai lokacin da yake faruwa.

Ta kira Argungu ta roƙi Inna Adama, in abin ya sake tsayawa, ta bugo ta ce "yanzu" kawai, ta kashe.

"Mi kic ce? In bugo miki waya in ƙi gaishe ki? Ke ɗiyag ga, karatun ne yas sa haka?"

Humaira ta ce ɗakinta ne za a karɓe. Dattijuwar ta ja numfashi, ta ce to, amma Allah ya gani ba tarbiyyarta ba ce.

Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara.

"Yanzu."

Sai ƙit. Idon Humaira yana kan allo. Ga shi nan: ɗakin ajiyar kwafi ya farka ya wawure tukunyar gaba ɗaya, na Argungu ya faɗi ƙasa, kafin ta gama ƙifta ido da kyau komai ya koma daidai. Ta jira kira na biyu don ta tabbatar. Ya zo bayan azahar, da kalmar nan guda, muryar a takure kamar ta wadda aka sa ta yi abin kunya. Tsinin iri ɗaya ne.

Ta yanka wa ɗakin ajiyar rabo, ta hana shi wuce iyakarsa, ta mayar da aikinsa zuwa bayan an tashi daga ofis. Sannan ta sassauta leƙen, amma ba ta mayar da shi minti biyar ba.

Rajistar noman rani ta zo ta wuce ba ƙorafi. Malam Munzali bai sake maganar Kaduna ba, bai kuma yi maganar komai ba. Da suka haɗu a baranda ya tambaye ta ko za ta iya duba masa na'urar buga takardarsa. Ɗakin ya zama nata. Wayar kuma ta daina ƙara, tun da ba abin da ya sake tsayawa.

Ta yi kwanaki tana zaune da rigar sanyinta, tana kallon layi mai lafiya. Wata la'asar ta ɗauki wayar, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta kira Argungu, wayar ta yi ta ƙara kafin a amsa. Hayaniya ta cika kunnenta.

"Humaira? Mi ya hwaru? Nan lahiya lau yake aiki."

"Ba komai, Inna. Ina wuni? Ya gajiya? Ya mutanen gida?"