Kwalbar da Ta Ƙi Daskarewa

Auta ta banko ƙofar ɗakin gwaji da bokitin ƙanƙara a hannu, tana haki kamar wadda aka biyo. Firijin ɗakin ya lalace, sai da ta lallaɓa mai sayar da lemo a bakin titi ya sam mata.

"Yau kuma kifi za mu fara sayarwa?" in ji Kawu, dattijon da ke kula da ɗakin, wanda ba ɗalibin da ya tsira daga bakinsa.

"Kawu, ka yi mini addu'a kawai!"

Aikinta na kammala karatu a kan ƙwayoyin cutar da ke cin fatar karnuka ne. Wasunsu na fitar da wani sinadari mai narkar da nama, su buɗe wa kansu hanya cikin jiki. Gane su ba wuya: a zuba su cikin jelatin, wanda daga fata da ƙashi ake yinsa, a bar su a akwatin ɗumi, sannan a sanyaya. In jelatin ya daskare, ƙwayar ba ta da sinadarin. In ya tsaya ruwa, ta cinye shi. Watanni ke nan tana bin asibitocin dabbobi tana goge miki da auduga, kwalabenta kuwa duk daskarewa suke kamar da gayya. Jiya Farfesan da ke duba aikinta ya gaji, ya ce ko ta kawo masa kwalba ɗaya da ta narke, ko ta canja aiki ta maimaita shekara.

Kwalaben yau ne na ƙarshe. Har da ta Tsumma a ciki, tsohon karen Babanta, wanda ya tsinta yana ɗan kwikwiyo cikin tsummokara a bayan garejinsa. Kunnensa ya yi ciwo, Baba ya nace sai ta duba. Don kada ta ɓata masa rai ta goge kunnen da auduga ta zuba a kwalba, alƙalami ya ƙi rubutu, ta ɗiga wa kwalbar jan farce.

Ta nutsa kwalaben cikin ƙanƙara, ta kasa zama. Ta goge teburin da ba datti, ta leƙa taga, ta dawo.

"Ki zauna, 'yar nan, kina sa ni jiri," in ji Kawu.

Da lokaci ya yi ta sa safar hannu. Ta fara zaro wadda ba a zuba wa ƙwaya ba, ta karkata ta. Ta daskare tam, wato sanyi ya isa. Ta biyu ma haka. Ta uku, ta huɗu, duk ko motsi. Ta cusa hannu can ƙasan bokiti ta zaro wata da raɓa ta lulluɓe, ta karkata ta a hankali.

Abin da ke ciki ya gangaro kamar shayi.

"Kawu! Kawu, ta narke! Wallahi ta narke!"

Kawu ya taso har kujera na faɗuwa. Ya sa tabarau, ya mayar da kwalbar cikin ƙanƙara, suka jira, ya sake ɗagawa. Ruwa tsululu.

"Kai! Wannan ƙwaya ba ta da imani," ya ce yana dariya. "Rabon da in ga mai ƙarfinta har na manta. Mahaƙurci mawadaci, ki je ki kira Farfesa!"

Auta ta yi tsalle, ta yi juyi, daɗi kamar ya kashe ta. Amma kafin Farfesa, Baba ta fara kira, don shi ke sauke ta a bakin makaranta kullum yana cewa yau za a dace.

"Baba, na samu! Wata muguwar ƙwaya, mai narkar da nama kamar..."

Tana magana tana share raɓar kwalbar da babban yatsa. Ɗigon jan farce ya fito.

"Alhamdulillahi! Na ce miki za a dace!" Baba na ta murna, ana jiyo ƙarar guduma a bayansa. "To, karen wane bawan Allah ne?"

Ta tuna yadda Tsumma ke karkata kai da safe yana kuka ƙasa-ƙasa, ita kuwa ta tsallake shi tana sauri.

"Baba, ka ajiye aikin nan," ta ce, tana cire safar hannu. "Ka sa Tsumma a mota, mu haɗu a asibitin dabbobi. Yanzu, Baba."