Ɗaki Mai Taya Huɗu

Shekarar da aka gama yaƙin basasa Malam Hamajoɗa ya ajiye aikin malamin dabbobi, ya koma gidansa na Jimeta da niyyar hutawa. Hutun bai samu ba. Gidan yana tsakanin tashar mota da asibiti, saboda haka duk ɗan uwan da lalura ta taso da shi daga Girei ko Song, nan yake sauke kaya. Wanda ya zo kwana biyu sai ya ga watan azumi. Hamajoɗa kuwa kunya ta yi masa yawa, bakinsa bai taɓa iya cewa a'a ba.

Wata rana a bakin Binuwai ya ga waɗansu Turawa masu yawon duniya a cikin motar da suka mayar gida: ga gado, ga risho, ga tankin ruwa. Su biyu rak, ba kawu ba bappa. Ya daɗe tsaye yana kallonsu kamar mai kallon Aljanna ta taga.

Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja, sai ya sayi wata ƙatuwa, irin wadda tayoyinta huɗu duka ke ja, ya kai wa Apollos, wani bakanike mutumin Numan da ya yi tuƙi a soja. Apollos ya sake mata zobe da fiston, ya kira kafinta suka gina mata ɗaki na katako da kwano, da taga mai raga saboda sauro. Suka ɗaure duro biyu na ruwa, da shebur, da sarƙa, da faifan ƙarfe na shimfiɗawa in taya ta nutse a yashi. Apollos ya kawo shawarar a ƙara gado, tunda akwai fili. Hamajoɗa ya ce ɗaya ya isa, kuma a yi shi siriri. Farin fenti ne kaɗai Apollos yake da shi da yawa, shi aka shafa mata.

Niyyarsa dutsen Mambila, can inda sanyi yake, inda ba wanda ya san sunan kakansa. Shi da Apollos kawai, a matsayin direba. Bai faɗa wa kowa ba sai matarsa Asta. Ita ma ba ta faɗa wa kowa ba sai Gogo, ƙanwar mahaifinsa, don ba a ɓoye wa babba magana.

Ranar tafiya ya buɗe ƙofar ɗakin, ya tarar da Gogo a kan gadon, ta miƙe ƙafa, butarta a gefe.

"Allah ya yi maka albarka, Hamajoɗa," in ji ta. "Rabona da 'yata ta Ganye tun kafin mulkin kai. Ashe kana ta shirya mini, ba ka faɗa ba."

Ya ce amin. Bayan Gogo akwai wanda zai kula da Gogo, da wani bappa mai bin gadon shanu a Mayo Belwa, da matar maƙwabci da buhunan busasshen kifi, da tunkiyar da aka ce ai ba ta cin wuri. Hamajoɗa ya shiga gaba ya zauna kusa da Apollos, tukunyar man shanu a cinyarsa.

Motar dai ba ta ba da kunya ba. Rafin da ya tsayar da manyan motoci, ita ta ratsa shi tana gurnani. Inda ta kafe a yashi, aka shimfiɗa ƙarafan nan ta fita, Gogo tana ba da umarni ta taga. Duk wanda aka sauke, sai danginsa su kawo wani da za a rage wa hanya. Gogo ta ga 'yarta, suka yi kuka, suka ci abinci, sannan ta hau gado ta ce tunda an zo nan, ita ma bari ta ga Mambilan.

Suka hau dutsen, motar tana ja da giyar farko, Apollos yana waƙoƙin coci, bappan da ya fasa sauka yana salati. A saman, ciyawa shar har iyakar gani, iska mai sanyi, shiru. Hamajoɗa ya sauka ya ja numfashi, idonsa ya kawo ruwa.

Kafin ya gama alwala mutane sun fara gangarowa daga tuddai. Sun ga farar mota mai taga, sun ɗauka ta asibiti ce gwamnati ta aiko daga Maiduguri. Ya fara yi musu bayani cewa shi baƙo ne kawai, sai Gogo ta leƙo ta gaya musu da Fulatanci cewa ɗanta ne, kuma duk ƙasar Adamawa ba wanda ya fi shi sanin ciwon shanu. Washegari garkuna suka kewaye motar. Haka ya yi kwanakinsa yana buɗe bakin shanu yana duba kofato. Aka yi masa godiya da maruƙa biyu, su ma aka nema musu wuri a baya.

Da suka dawo Jimeta, Gogo ta ƙi sauka. Ta ce ɗakin yana da iska, kunama ba ta hawa, kuma daga taga tana ganin duk mai shiga gidan. Aka ajiye motar a ƙofar gida, aka sa mata matakala ta ƙasa. Ɗakinta na cikin gida kuwa, bappa ya gaje shi.

Bayan sallah Hamajoɗa ya je garejin Apollos, ya zauna kan benci, suka gaisa. Can ya rage murya ya tambaye shi ko ana samun babur mai sirdi ɗaya.

Apollos ya goge hannu da tsumma, ya yi ɗan tunani.

"Akwai, Malam," ya ce. "Sai dai yana da kariyar ɗaukar kaya a baya, mutum ma yana zama."