Ranar da Baba Ya Buga Ƙasa

Ƙafar hagun ce ta ci amanarsa. Baba ya saki ƙarfen da yake dafawa, ya tafi ƙasa a tsakiyar ɗakin gashin ƙashi na asibitin. Ko a hakan faɗuwar ta gwanaye ce: ya dunƙule haɓa a ƙirji, ya mirgina ta ɓarinsa mai lafiya, kansa bai taɓa daɓe ba.

Nas ta taho da gudu.

"Kada ki taɓa ni!" Maganar ta fito a karkace, kamar yadda bakinsa ya koma tun da ɓarin jikinsa ya shanye, amma tsawar tana nan yadda aka san ta. Nas ta ja da baya.

Mama ta dafe ƙirji, ta juya kan 'yarta. "Auta, dasa ki aka yi a wurin? Ɗaga mahaifinki mana!"

Auta ba ta motsa ba, kuma ba taurin zuciya ba ne. A zauren kokawar judo na Baba ta tashi, wani tsohon sito da aka shimfiɗe da katifu a bayan tashar mota. Dokar farko a can ita ce, wanda aka kayar shi zai tashi da kansa, ba a miƙa masa hannu. Tun tana ƙarama dokar ta shiga jininta. Da ita ta sake zana jarrabawar da ta faɗi, da ita ta sake buɗe kantin maganinta bayan gobara. Ko yanzu in mai saye ya zazzaga mata rashin mutunci, sai ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta ce masa, "Sai kuma me za a kawo?" Duk aikin Baba ne, kuma tana gode masa.

To amma yau dokar tana neman cinye mai ita. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in Baba bai yarda a riƙa tallafarsa yana takawa ba, ƙafar za ta sandare, keken guragu zai zama mazauninsa. Shi kuwa ya rantse ba mai riƙe shi. Mutumin da ya koya wa rabin samarin unguwa faɗuwa, shi za a riƙe kamar mai tatata?

Ya dafa ƙasa da hannun dama, ya turo gwiwa, ya ɗago. Hannun hagu ya ƙi zuwa, ya koma ƙasa. Ya sake. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Sauran marasa lafiya suka kau da kai, don sun ga abin ya wuce kallo.

"Wannan taurin kai naka zai kashe ni kafin ya kashe ka," in ji Mama. "Nan asibiti ne, ba wurin kokawarku ba."

Tausayi ya kama Auta. Ta cire takalmanta kamar mai shiga zauren horo, ta zo gabansa ta durƙusa, ta ɗora tafukanta a cinya. Ba ta miƙa hannu ba.

"Malam," ta ce. A gida Baba ne, a kan katifa kuwa ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai wannan.

Ya ɗago ido yana haki.

"Dokar farko na riƙe ta, ga ni ban taɓa ka ba. Saura ta biyu."

Ya san ta, ai shi ya kafa ta. In abokin karawa ya shaƙe ka ko ya murɗe maka hannu, ka ga ba mafita, sai ka buga ƙasa sau biyu da tafi, nan take a sake ka. Yakan ce wa ɗalibai ba abin kunya ba ne, mai hankali ne ke yi don ya dawo horo gobe da hannunsa lafiya. Sai dai shi kansa, kowa ya san bai taɓa bugawa ba. Gwiwar hannunsa da ta karkace tun yana saurayi ita ce shaida, kuma da ita yake alfahari in hira ta yi daɗi.

"Ka sa na buga ƙasa har ban san iyaka ba," in ji Auta a hankali. "Ina kuka, kana cewa in buga in tashi, ba a rage ni da komai ba. Na yarda da kai, Malam. Ko dai mu kaɗai dokar ta hau?"

Baba ya dubi ƙarfen da ya yi masa nisa, ya dubi keken da aka ajiye a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon keken nan.

Sannan ya buɗe tafinsa na dama, ya buga daɓen. Ya sake bugawa.

Nas ba ta gane komai ba. Mama kuwa, da ta shekara da shekaru tana wanke fararen rigunan horo, ta rufe baki da gefen mayafinta.

Auta ta kama wuyan rigarsa da hannu ɗaya, hannun rigar da ɗayan, ta shigar da kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa. Kamun da ya koya mata don kayar da mutum ne, ba ta taɓa tunanin yana tayarwa ba. Ta miƙe da shi. Rashin nauyinsa ya tsorata ta.

Suka tsaya yana mayar da numfashi a kusa da kunnenta.

"Ƙugunki ya yi sama da yawa," ya ce. "Lanƙwasa gwiwa. Haka na koya miki?"

"A yi haƙuri, Malam."

Ƙarfen dafawa yana nan kusa da hannunsa yanzu. Ta sassauta riƙo don ya kama, ta jira. Bai ko kalle shi ba. Yatsunsa suka ƙara nutsewa a kafaɗarta.

"Mu je," ya ce.