Rawar da Na Yi wa Tukunyar Tamal

Shekara hamsin matata Eufrosina tana turara tamal, wato alalar masara da ake naɗewa cikin ɓawon masara, bai taɓa ba ta kunya ba. Da hannunta take niƙa masara, ta buga ƙullun da kitse har sai in ta jefa ɗan gutsure a ruwa ya taso.

Ranar bikin coci na Kandelariya baƙi arba'in muke jira. Da safe na yi cacar baki da mijin 'yata, Cirilo, a kan shingen gona, na shiga kicin rai a ɓace. Awa biyu tukunya na tururi, amma da Eufrosina ta kwance ɗaya, ƙullun ɗanye ne, ya manne wa ɓawon masara.

Ta dube ni. "Kai ne, tsoho. Ka san ba ya nuna in mai fushi na kusa."

"To me zan yi?"

"Abin da kowa ke yi. Yi wa tukunyar rawa."

"Ni Anastasio? Ko ranar aurenmu ban taka ba."

"Ai ina wurin. Ko ka taka, ko ka je ka gaya wa baƙinka babu abinci."

Na ajiye malafata, na taka. Cirilo ya leƙo ya kama tafa mini. Na so in harare shi, dariya ta ƙwace mini.

Bayan rabin awa tamal ya saki ɓawonsa sumul, ga laushi, ga jan barkono a tsakiya. Na ci biyar. Na shidan na miƙa wa Cirilo. Maganar shinge dai ban janye ba.