Wasiyyar Mista Nayar

"Riƙe min kofin, Malam, hannuna ya ƙi," in ji Mista Nayar.

Malam Dunoma ya karɓi kofin ya kai masa baki. Kurɓa biyu ya yi, sauran ruwan ya bi gefen bakinsa ya jiƙa singiletinsa. Ranar Laraba ce bayan azahar, cikin watan Afrilu na 1977. Kwanon rufin ɗakin yana ƙas-ƙas saboda zafi, fanka kuma tana rataye ba motsi, kwana huɗu ke nan ba a kawo wutar lantarki ba.

Shekara tara da suka wuce Mista Nayar ya zo Kazaure daga kudancin Indiya, yana koyar da lissafi a makarantar sakandare. Malam Dunoma addinin Musulunci yake koyarwa a makarantar, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Matar Nayar ta rasu tun kafin ya zo, 'yarsa guda tana aure a can ƙasarsu. Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. A asibitin Kano an sallamo shi da kwalaben magani uku, ba wanda ya ce masa ya dawo.

"Akwai magana," in ji Nayar da Hausarsa mai tafiya a hankali. "Idan na mutu, kada a binne ni. A ƙona ni."

Dunoma ya ajiye kofin a kan tebur. "Subhanallahi. Bar wannan maganar, Mista."

"Ba zan bari ba, lokaci ya ƙure."

"Wuta azabar Ubangiji ce. Mu ko kiyashi an hana mu ƙonawa, balle ɗan Adam, balle maƙwabci."

"A wurinku azaba ce, a wurinmu sallama ce. In an ƙona ni, za a zuba tokar a gwangwani a aika wa 'yata, ta kai kogi ta zuba. Shi ke nan ta sauke nauyina, ni ma na kama hanya. In an binne ni, har ta mutu tana ganin ubanta a ɗaure a ƙasar da ba za ta taɓa takawa ba."

Dunoma ya dubi ƙasa. A kusurwar ɗakin akwai ɗan teburi mai ɗauke da wani mutum-mutumi na tagulla da 'yar fitilar mai. Shekara tara yana shiga ɗakin nan, bai taɓa yarda idonsa ya tsaya a kusurwar ba.

Sun sha yin muhawara a kanta. Kullum bayan la'asar sukan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, su uku da Daudu, mai ba da magani a ɗakin shan maganin makarantar, Kirista ɗan wani ƙauye a ƙasar Roni. Nayar yakan ce shi bai taɓa cewa tagullar ce Allah ba, wurin ajiye ido ce kawai, ai su ma Musulmi ɗakin dutse suke fuskanta a Makka. Dunoma yakan ce ba ɗaya ba ne, fuskanta daban, bauta daban. Wata rana Daudu ya ce Allah da kansa ya sauko cikin mutane don ya ɗauke musu zunubi.

"Sau ɗaya kawai?" in ji Nayar. "Mu ya zo mana sau tara, muna jiran na goma."

"To ku biyu ku je ku daidaita lissafinku," in ji Dunoma. "Namu bai sauko ba, manzanni ya aiko."

Aka yi dariya, Nayar ya zuba musu shayi mai citta. Amma ko a lokacin Dunoma ya san abin da yake koya wa ɗalibansa da safe game da makomar wanda ya mutu a kan shirka, kuma bai ga ƙofar da zai fitar da maƙwabcinsa daga ciki ba.

Yanzu ya matso da kujerarsa kusa da gadon. "Mista, kalma biyu ce. Ka faɗa bayana. Babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah..."

"Malam, tun zuwana nake gaya maka Allah ɗaya ne. Kai ne ka ce ɗayana ba irin ɗayanka ba ne." Ya yi tari, ya jira numfashinsa ya dawo. "In na faɗa don in faranta maka, ƙarya na yi wa Allahnka. In na ƙi, na ɓata maka rai. Bar ni in ɓata maka rai."

Dunoma ya mayar da kujerarsa baya.

"Ban ce ka kunna ashana ba," in ji Nayar. "Akwai mutanenmu a Kano, wani Mista Menon mai kantin yadi a Fagge. Sun san yadda za su yi. Kai dai ka riƙe ni a bisa ƙasa har su zo."

"Wannan zan iya," in ji Dunoma. "Na yi maka alkawari."

Washegari da hantsi Mista Nayar ya cika. Daudu ne a wurin, shi ya rufe masa ido ya ɗaure masa haɓa da bandeji. Kafin Dunoma ya fito daga aji, mutanen unguwa sun taru a ƙofar gida. Baba Kura, dattijon da ke limancin masallacin unguwar, yana zaune a kan tabarma da carbi a hannu.

"Ɗana, yaya za a yi da baƙon nan?" in ji shi. "Wace wasiyya ya bari?"

Dunoma ya dubi fuskokin da ke jiran amsarsa. Akwai iyayen ɗalibansa, akwai waɗanda suke binsa salla idan Baba Kura ba ya nan. Ya ji kalmar ƙonawa a bakinsa, ya kuma ji yadda za ta zaga gari kafin azahar, a ce malamin addini ne da kansa ya shirya a babbaka mutum.

"Baba, zan je Kano in sanar da 'yan'uwansa," ya ce.

"Madalla. Haka ya kamata. Allah ya kiyaye hanya."

Ya shiga gida ya ɗauki hula. Matarsa Mairam ta tambaye shi ko ta ɗora abinci da baƙi, ya ce ta ɗora. A ransa tafiyar awa biyu ce, dawowa awa biyu, kafin la'asar an gama.

A tasha babu motar Kano sai wata fijo guda, ita ma mai bai cika tankinta ba. A Ɗambatta suka shiga layin mai, motoci sun fi arba'in. Direban ya kashe mota ya fita ya kwanta a inuwar wata tirela. Wani fasinja ya ce ƙasar da ke sayar wa duniya mai ce take wannan layi. Sai bayan la'asar suka isa Kano. Dunoma ya bi kantunan yadi ɗaya bayan ɗaya har ya sami Mista Menon, gajeren dattijo mai tabarau. Menon ya saurare shi, ya cire tabaran ya goge. Ya ce sai an nemo mota mai rufi da takardar likita, kuma ofis ya tashi. Dunoma ya kwana a gidan wani ɗan'uwansa a Fagge.

Ranar Juma'a da hantsi suka shigo Kazaure, shi da Menon da wani Ba'indiye matashi mai tuƙi. A bayan motar akwai ƙanƙara cikin buhuna da farin yadi da kwandon furanni. Ƙofar gidan Nayar a rufe take da kwaɗo. An share gindin darbejiya, an shimfiɗa tabarmi, Baba Kura da mutum biyar suna zaune irin zaman karɓar gaisuwa.

"Sannunku da hanya," in ji Baba Kura. "Waɗannan ne 'yan'uwan? Ka ce musu muna yi musu ta'aziyya. Mutumin kirki ne, bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba."

"Baba, ina yake?"

"Ai mun sallame shi tun jiya, kafin la'asar."

Dunoma ya tsaya inda yake. Daudu ya taso daga gefen tabarma ya zo kusa da shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Zafin ya yi yawa, Malam. Wajen azahar cikinsa ya fara kumbura, ƙudaje sun cika taga. Na ce a jira ka, Baba ya ce ka tafi sanarwa ne, ba ka ce a jira ba."

"Yaushe aka taɓa ajiye gawa don 'yan'uwa suna hanya?" in ji Baba Kura. "Wanda ya zo daga baya gaisuwa yake tararwa. A bar mutum ya lalace a ɗaki muna kallo, me za mu ce wa Allah? Likkafanin da na ajiye wa kaina na fito da shi, iyalinka ta ɗinka. Ni da Daudu muka wanke shi."

"A ina kuka sa shi?"

"Maƙabarta dai ka san ba zai yiwu ba. Daudu ya hau babur ya je wurin nasu."

"Fasto ya ce ba a yi masa baftisma ba," in ji Daudu. "Ya ce zai sa shi a addu'a."

"Sai muka haƙa masa a gindin dutse, bayan gonar makaranta. Wuri mai kyau, ruwa ba ya kwanciya." Baba Kura ya ja carbinsa. "Abu ɗaya ne ya ɗaure mana kai. Ba mu san inda yake fuskanta ba in yana ibada. Na ce ba ma juya shi gabas ba, kada mu ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Sai muka kwantar da shi rigingine."

Dunoma ya juya ya yi wa Menon bayani da Turanci. Menon ya tambaya ko za a iya tono shi. Dunoma ya mayar da tambayar da Hausa, kuma a karon farko ya faɗi dalilin, cewa mamacin ya bar wasiyya a ƙona shi.

Wani a kan tabarmar ya ce a'uzubillahi a hankali.

"Kai ka san da wannan jiya?" in ji Baba Kura.

"Na sani, Baba."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. "To Allah ya rufa masa asiri da bakinka ya yi nauyi. Ba a tone kabari a garin nan, ɗana. Ko ni na yarda, gari ba zai yarda ba. A tono mutum a kai shi wuta? Ka gaya musu su yi haƙuri, mun yi masa abin da za mu yi wa ɗan cikinmu."

Menon bai nemi a fassara masa ba. Ya dubi dattijon, ya dubi tabarmin da aka shimfiɗa dominsa, ya haɗa tafin hannuwansa biyu a ƙirji ya ɗan sunkuya. Daga nan ya ce wa Dunoma zai rubuta wa 'yar. Ya tambaya me zai ce mata.

"Ka ce mata maƙwabcinsa ya yi masa alkawari bai cika ba."

"Wannan ba zai amfane ta da komai ba," in ji Menon. "Zan ce mata ya mutu cikin mutanen da suka girmama shi. Sauran za ta gane da kanta idan gwangwani bai zo ba."

Suka sauke ƙanƙarar a ƙofar gida don ba ta da sauran amfani, matan unguwa suka aiko da kwanoni aka rarraba. Mairam ta fito da tuwon da ta ɗumama, baƙin suka ce sun gode, ba su ci ba. Matashin ya kai kwandon furannin gindin dutse ya dawo. Kafin a kira sallar Juma'a motar ta kama hanyar Kano.

Bayan an sauko daga masallaci Dunoma bai biya gida ba. Ya bi ta bayan azuzuwa, ya ratsa gonar makaranta da ba a fara shararta ba, har gindin dutsen. Kabarin ɗan tudu ne na jar ƙasa, an jera masa duwatsu a gefe, an ɗora rassan ƙaya a sama saboda karnuka. Awaki sun riga shi zuwa, sun cinye furannin, saura kwandon a kife.

Ya tsaya daga wajen kai. Ya ɗaga hannuwansa kamar yadda ya saba a kowane kabari, sai ya tuna ba a ba shi izinin nema wa wannan gafara ba. Ya nemi wata addu'ar da za ta halatta, bai samu ba. Ya sauke hannuwan.

Akuya ɗaya ta ture reshen ƙaya daga wajen ƙafa, ƙasa ta ɗan zube. Dunoma ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, ya mayar da ƙasar da tafin hannu, ya jawo reshen ya daidaita shi, ya ɗora masa dutse. Akuyar ta koma gefe kaɗan ta tsaya tana tuƙa, tana kallonsa.