Harbin Salansa

Karo na uku ke nan da mijin ƙanwarsa ya turo babur ɗin cikin rumfar gareji. Kunne makanike bai miƙe ba. Yana tsugune gaban wani inji da ya warware, ya ɗago kai ya tsura wa bakin mutumin ido.

"Yaya, yana nan yadda yake. In ka ja totur lafiya lau. Kana saki sai fat-fat-fat, kamar ana yaƙi."

"Jiya na gwada shi da kaina. Har gangaren asibiti na je."

"Ni ma can na je da safe. Mai gadi ya ce in na ƙara shigar musu da shi zai kai ƙarata ofis. Wata tsohuwa sai da ta faɗo daga benci."

Dogo, mijin ƙanwar, aikinsa ɗauko jinin gwaji daga ƙananan asibitoci ya kai babba. Babur ɗin ya girmi aurensa. Shi kuwa Kunne shekara talatin da biyu yana gyaran babura, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. A da, babur yana shan kwanar layin zai ce "bawul ne," ko "wannan iska yake sha," tun mai shi bai sauka ba.

Harbi in an saki totur ba wani abu ba ne a wurinsa. Ko dai iska tana shiga ta wuyan salansa, ko mai ya yi wa inji kaɗan a silo, lokacin da yake aiki a hankali, sai abin da bai ƙone ba ya je ya fashe a cikin bututu. Ranar farko ya canza gasket ɗin wuya. Rana ta biyu ya kwance kafireta, ya wanke ƙaramin jet ɗin da mai ke bi ta ciki, ya hura shi har ya hango haske ta ciki. Duk sau biyun ya hau, ya gangara, ya saki totur, bai ji komai ba. Ya dawo ya ce an gama.

Mai faci na rumfar gefe ya leƙo. "Kai Kunne, babur kuke gyarawa ko bindiga? Jiya da ka wuce na zaci tayata ce ta fashe!"

Kunne ya juya baya yana goge hannu. Dogo ya fara dariya, sai ya ga ko gezau Kunne bai yi ba, ya haɗiye sauran.

"Hau baya," in ji Kunne. "Mu je ka nuna min wannan yaƙin naka."

Ya buga kik, suka fita. Da suka kai gangaren ya sa giya ta huɗu, ya ja, ya saki. A kunnensa babu komai sai wannan gunjin da ya fi shekara yana fama da shi, kamar injin niƙa a unguwa mai nisa. Har ya buɗe baki zai ce "ka gani," sai ya ga mai sayar da lemu ta duƙa ta dafe kai. Tattabaru suka tashi daga kan rufin kwano. Wani mai waya a kunne ya juyo yana zagi da hannu. Yatsun Dogo suka matse masa kafaɗa.

Ya sake ja, ya sake saki. Kawuna suka sake juyowa. A ƙarƙashin cinyarsa ya ji wani ɗan bugu, wanda jiya ya ɗauka ramukan titi ne.

Bai ƙarasa ƙofar asibitin ba, ya juya kan babur.

A gida matarsa ta daɗe tana cewa ihu yake yi in yana magana. Shi kuma ya ce mutanen yanzu ne suke magana ciki-ciki kamar marasa jini. Ya koyi kallon baki, ya koyi gyaɗa kai. Amma inji ba shi da baki.

Abu ɗaya ya rage, kuma ya san shi sarai: sukurun iska na jikin kafireta. Ana juya shi kwata bayan kwata, ana saurare, har muryar injin ta ɗaga ta daidaita, sai a tsaya. Aikin minti biyu ne. Ya dafa tanki ko zai ji da hannu, amma tsohon babur komai na jikinsa rawa yake. Ya ɗora kan sukudireba a inji, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa. Ya ji ruri, ruri kawai.

"Dogo, zo nan. Zan juya wannan. In ka ji muryar ta ɗaga, ka taɓa ni."

"Ni, Yaya? Ai kai ne..." Bai ƙarasa ba.

Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya matso, wannan karon babu tsokana. Su biyu suka sunkuya kan injin, kowa ya karkata kai. Kunne ya juya kwata ɗaya. Dogo ya taɓa shi. Mai faci ya girgiza kai yana nuna ƙasa da yatsa. Kunne ya ƙara kwata. Yanzu mai faci ne ya taɓa shi, Dogo kuma ya ɗaga kafaɗa. Bakunansu suna motsi, suna musu, shi yana tsakiya riƙe da sukudireba yana kallon wannan yana kallon wancan.

Ya kashe injin.

"Wallahi Yaya, ni duk ɗaya nake ji," in ji Dogo a hankali, yana fuskantarsa sosai.

Kunne ya mayar da sukurun inda ya same shi. Ya nuna tsallaken titi da haɓa, inda wani makanike mai gilashi ya buɗe gareji bara, wanda Kunne bai taɓa amsa wa gaisuwa da kyau ba.

"Kai masa. Ka ce an canza gasket, an wanke jet. Sukurun iska ne. Kada ka bari ya taɓa maka bawul."

"In ya ce me ya sa ba ka yi ba fa?"

"Ka ce aiki ya yi min yawa."

Dogo ya dubi rumfar, inji ɗaya tal a ƙasa.

"Kuma kada ka kai wa matarka labari. Kafin la'asar duk dangi sun ji."

Dogo bai tayar da babur ɗin ba, tura shi ya yi har tsallake. Kunne ya koma ya tsuguna, amma idonsa yana can. Ya ga mai gilashin ya buga kik, ya karkata kai, ya zaro sukudireba daga aljihun baya. Wuyan hannunsa ya juya kwata ɗaya zuwa waje, ya tsaya, ya miƙe yana karkaɗe wando.

Daidai wurin ne Kunne ya wuce sau biyu ɗazu, da zuwa da dawowa, bai ji ba.